Gogo Turai da Yaron da Muka Ce Ya Warke

Daga Allah muka fito, gare Shi kuma za mu koma. Ranar Talata, 15 ga Oktoban 2024, cikin watan Rabi'us Sani, da hantsi, ina gaban allo a makarantar firamaren da nake koyarwa a Dutsin-Ma, wayata ta yi ƙara cikin aljihu. Nana Hadiza ce, 'yarki ta fari, daga Barkiya. Ko sallama ba ta yi ba. Ta ce, "Yaya Lawal, Inna ta cika." Na ajiye alli, na zauna kan bencin yara, na yi salati. Gogo Turai, ƙanwar mahaifina, kin koma ga Mahaliccinki kina da shekara saba'in da shida, a ɗakinki, bayan jinyar wata biyu.

Zan faɗi gaskiya, tunda ke ba ki taɓa son kwana-kwana ba. Kafin in yi kukan rashinki, wani abu ne ya fara faɗo mani a rai: to Misbahu fa? Wa zai tsaya masa? Misbahu ɗana ne na fari, shekararsa ashirin da huɗu, kuma goma sha biyar daga cikinsu a hannunki ya yi su. Tambayar ma asalinta taki ce. Kin sha jefa mani ita duk lokacin da na zo gaishe ki, ni kuwa in sunkuyar da kai in ce Allah na nan. Sai ki harare ni ki ce, "Allah na nan, Malam Boko, shi ya sa Ya ba yaro uba."

Wanda bai san ki ba, ya tambayi masu bin hanyar Kurfi. Shekara talatin da wani abu kina sayar da fura da nono a bakin hanya, ƙarƙashin itacen bedi guda, wato darbejiya, ba a taɓa kama nononki da ruwa ba. Matafiyin da guzurinsa ya ƙare ya sha ya wuce, da sharaɗin ya wanke ƙwaryar da kansa. Bakinki kuwa, Allah Ya gafarta miki, ya fi barkonon da kike zubawa a fura zafi. Ke kika ja hannuna kika kai ni makarantar boko mahaifina yana ƙi, sannan kika kwashe shekara arba'in kina yi mani ba'a da bokon. Duk wannan mutane sun sani, wasu ma sun fi ni iya ba da labarinsa. Abin da na zauna in rubuta shi ne abin da kika yi wa ɗana, domin ni kaɗai na san girmansa, kuma ni ne wanda ya kasa.

A shekarar 2004, washegarin ƙaramar Sallah, yayana Sabitu ya zo ɗaukar Misbahu a babur don ya kai shi Barkiya yawon Sallah. Yaron yana da shekara huɗu. Aka ɗora shi kan tanki, ya riƙe madubi yana dariya, kamar yadda ake ɗora 'ya'yan kowa. Ba su kai Kurfi ba wata a-kori-kura da ta ɗauko buhunan gero ta kauce wa rami ta same su. Sabitu ya karye a hannu. Yaron ya tashi sama ya faɗo da ka a kan kwalta. Kwana goma sha ɗaya ya yi a wani asibiti a Katsina bai san inda kansa yake ba.

A nan ne kuskurenmu ya fara, kuma dole in bayyana shi don 'yan zamani. Mu mutanen ruga ne da muka zauna gari, kunyar ɗan fari a jininmu take. Uba ba ya kiran sunan ɗansa na fari, ba ya ɗaukarsa, ba ya nuna ya damu da shi a gaban manya. Ni da mahaifiyarsa Sakinatu "yaron nan" muke ce masa. To duk kwanakin nan goma sha ɗaya, a gindin itace na yi su, a wajen ɗakin jinya. Hankalina yana kan yaron, amma in wani ya fito sai in tambaye shi jikin Sabitu. Ranar da za a sallame su, ma'aikaciyar jinya ta leƙo ta ce likita yana neman uban yaro. Wallahi na ji ta. Na dubi ƙasa. Sabitu ya tashi da hannunsa a rataye ya shiga a madadina, ke kuma kika bi bayansa ba wanda ya gayyace ki.

Da kuka fito, Sabitu ya taƙaita mana bayanin likita a kalma uku: "Ya ce ya warke." Ba na zarginsa. Mutumin da yaro ya faɗi a hannunsa, babu abin da kunnensa ke son ji da ya wuce wannan. Ke ce kika ce a'a, ba haka kika ji ba. Likitan ya yi ta haɗa Hausa da Turanci, da yawa ya wuce ki, amma kin riƙe abu biyu: a dawo da shi bayan wata uku, kuma a sa masa ido har ya girma, don ciwon cikin kai ba ya nuna kansa rana ɗaya. Muka yi miki murmushi. Mu da muka tashi da maɗori, mun san in ƙashi ya haɗu an kwance tsinke, magana ta ƙare. Ga ɗinki ya kame, ga yaro yana cin tuwo, yana tafiya da ƙafarsa, sai ɗan jan ƙafar hagu da hannun da ba ya damƙa sosai. Muka yafe wa direba, muka yi sadakar waina, ba mu koma Katsina ba.

Shekara biyu muna ganin mu ne da gaskiya. Sai da ya shiga makaranta abin ya fara fitowa. A koya masa baƙi da safe, ya karanta daidai, da la'asar kamar ba a taɓa nuna masa ba. A makarantar allo sa'o'insa suka wanke allo sau goma yana kan layi ɗaya. A aike shi sayen gishiri da kalwa, a same shi tsaye a tsakiyar hanya ya manta abin da ya fito yi. Ga fushi kamar wutar kara, abu kaɗan ya jefi yaro da dutse, bayan minti biyar yana neman su yi wasa, bai san me ya sa ake gudunsa ba. Ni malami ne a makarantar da yake. Abokan aikina suna cewa ɗan malam ne na ƙarshe a aji. Na ce iskanci ne da rashin ji. Al'adar da ta hana ni kiran sunansa ba ta hana ni dukansa ba, kuma na dake shi, Gogo, dukan da har yau in na tuna sai barci ya ƙaurace mani.

Yana shekara tara ya fara faɗuwa. A filin makaranta ne, lokacin hutun tara. Jikinsa ya sandare, ya yi ta karkarwa, kumfa na fita a bakinsa. Yara suka watse, manya ma suka ja da baya, don kowa ya yarda wanda yawun mai farfaɗiya ya taɓa shi ma ya kamu. Daga ranar aka ware masa kwano da moɗa. Aka ce aljanu ne, wai a kan hanyar Kurfi suka shige shi ranar da jininsa ya zuba. Aka yi turare, aka yi rubutu, aka yi ruƙiyya har muryar mai yi ta dushe. Da ya fasa wa ƙanwarsa goshi da murfin tukunya, manyan gidanmu suka zauna suka yanke shawarar a kai shi gidan wani malami a wani gari, inda ake sa wa irinsu mari a ƙafa har su natsu. Aka tambaye ni. Na ce duk yadda manya suka gani. An sa ranar Asabar.

Ranar Juma'a da yamma kika sauka daga motar Kurfi, ko ƙwaryarki ba ki ajiye a gida ba. Kika tarar da mu a zaure, ni da Sabitu da baffanninmu biyu. Ba ki zauna ba.

Kika ce, "Sabitu, kai da ka ga aljanin nan da idonka, faɗa masu kamanninsa. Ba ƙafa huɗu gare shi na roba ba? Ba gero ya ɗauko ba?"

Ba ki jira amsarsa ba. Kika juyo kaina.

"Kai kuma Malam Boko, karatun me ka yi? Ni da ban san bihim ba na riƙe maganar likita shekara biyar, kai ka tsaya gindin itace kana kunya. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Yaron nan ba mai sa mashi ƙarfe ina numfashi. Gobe Katsina za mu, kuma da kai."

Baffa babba ya ce mace ba ta warware abin da maza suka ƙulla. Kika ce masa tun yana yawo ba wando kike warware masa ƙulli. Haka taron ya tashi.

A Katsina wata likita muka samu, mace, mai haƙuri. Wannan karon kin tura ni gaba har cikin ofis. Ta duba tabon, ta yi tambayoyi, ta sa aka yi gwaji, sannan ta yi mana bayani da Hausar da ba ta da gauraye. Ta ce ƙwaƙwalwar ƙaramin yaro ba ta gama ginuwa ba. In ta bugu, wani wurin da ya lalace ba a fara aiki da shi ba tukuna, sai yaro ya kai shekarun riƙe karatu da danne fushi da tsara abin da zai yi, sannan a ga giɓin. Kika gyaɗa kai kika ce, "Kamar geron da saniya ta taka yana tsiro, sai ranar fidda kai ake gane shi." Ta ce haka ne, Inna. Ta ce farfaɗiyar daga tabon cikin kai take, ba a ɗaukarta, kuma akwai ƙwayar da ke danne ta in ana sha safe da yamma ba fashi. Ta kuma ce kada mu sa rai zai koma kamar bai faɗi ba, amma abin da zai iya yana da yawa in an bi shi a hankali, an daina duka. Da ta faɗi kalmar duka ba ki dube ni ba. Na gode miki da wannan har gobe.

A motar dawowa kika ce za ki tafi da shi Barkiya. Na amince da sauri, saurin da nake jin kunyarsa yanzu. Na ce wa kaina don lafiyarsa ne. Gaskiyar ita ce an sauke mani kaya.

Abin da kika yi a shekarun da suka biyo baya, da a wata ƙasa ne da an kira ki an ba ki kujera kin koyar. Kin lura ba ya riƙe saƙo biyu, sai kika daina ba shi biyu. "Ɗauko guga." In ya kawo, sannan, "Zuba wa maraƙi." Kin lura abin da kansa ya saki, hannunsa da ƙafarsa suna riƙewa in an maimaita, sai kika mayar da kowace rana irin ta jiya: salla, tatsa, koko, kiwo, inuwa, tatsa. Maganinsa kuwa kin zuba a gwangwani kika ɗaure a turken dangwali, igiyar da ake ɗaure maruƙa lokacin tatsa. Ba a kwance maraƙi sai ya haɗiyi ƙwaya. Saniya ba ta fashin tatsa, don haka shi ma bai yi fashin magani ba. Kin hana shi zama bakin murhu, da leƙa rijiya, da shiga rafi shi kaɗai, amma ban da waɗannan ba abin da kika hana shi. In fushinsa ya taso ba kya biye masa. Sai ki miƙa masa sanda ki ce, "Angona, je ka dubo mani saniyata Ja, na ji tana tari." Kafin ya dawo daga garke wutar ta mutu.

Angonki kike ce masa, irin wasan kaka da jika, shi kuma ya ce shi ba ya auren mai furfura. Sakinatu ta ce a bakinki ta fara jin dariyarsa bayan shekara uku.

Karatu ma ba ki bar shi ba. Fatiha ta ɗauke ku damina guda. Kina tatsa kina ja masa aya ɗaya, yana riƙe da maraƙi yana maimaitawa, gobe ita, jibi ita. Limamin unguwarku, Malam Nu'uman, ya ce miki wannan wahala ce, Allah ba Ya kama wanda Ya ɗauke wa hankali. Kika ce hankalinsa na nan, hanyar shiga ce ta ƙuntata, kuma sannu ba ta hana zuwa. Yau Misbahu yana da surori tara a ka, yana salla a sahu, kuma Malam Nu'uman da kansa ya ba da wannan labari a zaman makokinki, yana share ido da bakin rawani.

Akwai ranar da Barkiya ba za ta manta ba. Ana bikin suna a maƙwabta, yana da shekara goma sha ɗaya, ya faɗi a tsakar gida cike da mata. Aka watse da salati, kowa ta janye ɗanta. Kika durƙusa kika juya shi kan gefensa, kika sa zanenki ƙarƙashin kansa, kika ture wata da ta zo da cokali za ta cusa masa a baki. Da ya lafa, kika share masa yawu da tafin hannunki, kowa na kallo. Sannan kika jawo kwanon tuwon suna, kika sa wannan hannun kika ci loma uku. Kika ce, "Ga ni nan. In na faɗi gobe ku gudu, in ban faɗi ba ku ji kunya." Kin ƙara shekara goma sha uku a duniya ba ki faɗi ba. Daga wannan suna aka daina ware masa kwano, kuma yaran unguwar duka suka iya juya shi kan gefe in abin ya zo a wurin kiwo.

Ba ki tsaya kan naki kaɗai ba. Duk inda kika ji mota ko babur ya buge yaro a ka, Kuki ne, Kutawa ce, cikin Kurfi ne, sai ki cika ƙwarya da nono ki tafi dubiya gidan mutanen da ba ki sani ba. In an gama gaisuwa ki ja uwar gefe ki ce, "Kada ki bari su ce maki ya warke. Ki koma ranar da likita ya ce. In ya fara mantuwa ko faɗa, ba iskanci ba ne, kada a dake shi." Wasu sun ji haushi, sun ce kina yi wa 'ya'yansu mugun baki. Wasu sun ji. Ranar sadakar uku wata mata ta zo daga Kutawa da 'yarta Aisha Humaira, budurwa mai ɗinki da keke, wadda mota ta buge tana shekara biyar. Uwar ta ce ba don ke ba da tuni an kai ta inda aka so kai Misbahu. Ban taɓa jin sunansu ba sai ranar. 'Yan acaɓa kuwa sun san dokarki: wanda ya tsaya gindin bedinki da yaro a kan tanki ba zai sha furarki ba, ko zai mutu da ƙishi, kuma zai tafi da guzurin zagi.

Ba zan yi ƙarya a kan kabarinki in ce ya warke ba, kin hana mu wannan kalma. Har yau ba ya karatun boko, sunansa kawai yake rubutawa. Hannun hagu bai dawo ba. Baƙo zai gaya masa sunansa sau uku ya manta. In aka sauya masa tsarin yini sai ya rikice, wani lokacin ya yi faɗa. Amma rabonsa da faɗuwa shekara uku ke nan. Ya san kowace saniya a garkenki da ta maƙwabta, da uwarta da kakarta. Yana gane dabbar da za ta kwanta ciwo kwana biyu kafin ta kwanta, har mutane suna kiransa ya duba masu sa kafin su saya. A shekarun nan na tsoron ɓarayin daji, da aka rage nisa da kiwo, shi ya san inda ciyawa ta rage kusa da gari. Ina alfahari da shi. A rubuce na fara faɗin haka, kuma da aikinki nake alfaharin.

Duk wannan ana yi ina Dutsin-Ma. Ina zuwa ƙarshen wata, in kawo magani, in gaishe ki, in tambayi shanu. Shi kuma in ya gaishe ni in amsa ina kallon wani wuri. Sati biyu kafin rasuwarki na same ki kwance, kin rame, amma bakin yana nan. Kika sa aka fita aka bar mu. Kika ce, "Lawal." Rabon da ki kira ni da sunana har na manta. "Ni ba mutuwa nake tsoro ba. Abin da nake tsoro, ranar da na kauce za su sake zama a zaure a kansa, a tambaye ka, ka ce duk yadda manya suka gani." Na ce in sha Allahu ba za a yi haka ba. Kika ce, "Za mu gani. Au, ku za ku gani."

Ba a kai ga zaure ba, Gogo. A maƙabarta aka yi.

Bayan azahar aka sallace ki, aka ɗauki makara. Misbahu yana gaba, kafaɗarsa ta dama ƙarƙashin itace, bai yarda an karɓe shi ba har bakin kabari. Da aka sauke ki, Malam Nu'uman ya ce muharramai su matso su karɓa. Misbahu ya tuɓe takalmi ya sa ƙafa zai sauka. Sai Sabitu ya riƙe masa riga. A hankali ya yi maganar, kuma na san tsoro ne ya sa shi, ba ƙiyayya ba. Ya ce, "A'a, kai koma baya. Hannunka ɗaya ne. In abin ya taso maka a ciki fa? A bar masu lafiya." Wasu dattawa suka ce gaskiya ne. Wani ya kama kafaɗarsa zai janye shi.

Na ga wuyansa ya kumbura, na ga hannun daman ya dunƙule. Na san abin da ke zuwa, kuma na san in ya yi faɗa a bakin kabarinki, shi ke nan, an samu hujjar da za a ɗaure shi da ita har ƙarshen ransa. Bai yi ba. Ya waiga yana duba fuskokin mutane ɗaya bayan ɗaya. Ke yake nema, ya manta na ɗan lokaci cewa ke ce a cikin likkafanin. Da bai gan ki ba, idonsa ya tsaya a kaina.

Baffanmu na nan, surukaina na nan, rabin Barkiya na nan. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce, "Yaya Sabitu, sake shi. Misbahu ɗana ne, na san abin da zai iya. Shi zai karɓi kanta, ni in karɓi ƙafa." Wani tsoho ya ce subhanallahi, ban sani ba ko don na kira sunan ne ko don na musa wa yayana. Sabitu ya dube ni, ya dubi yaron, ya saki rigar.

Muka sauka tare. Aka ja mayafi a kanmu, aka miƙo ki. Ya tallabi kanki da hannun dama, ya tokare da gwiwar hannun hagun nan da muka ce ba ta da amfani, ya kwantar da ke kan gefenki na dama, fuskarki ga alƙibla, a hankali, irin yadda kika sha juya shi. Ya gyara likkafanin wajen kafaɗa. Na ji yana karanta Fatiha ƙasa-ƙasa, bai tsallake ko harafi ba. Sabitu ne ya miƙo masa hannu ya fito, kuma shi ya riƙa miƙa masa itatuwan rufi ɗaya bayan ɗaya har aka gama.

Na nemi a mayar da ni makarantar da ke kusa da Barkiya, kuma kafin takardar ta fito, kullum Alhamis ina can har Lahadi. Shanunki suna hannun Misbahu, Nana Hadiza da ƙanwarta Halimatussa'adiyya sun ce haka kika bar wasiyya kuma haka suke so. Ba wanda zai raba shi da garken nan ina numfashi.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Nana Hadiza da Halimatussa'adiyya da 'ya'yansu, ga Yaya Sabitu da sauran zuriyar gidanmu, ga Sakinatu wadda ta ce uwa ta rasa ba gwaggon miji ba, ga mutanen Barkiya da Kurfi da Kuki da Kutawa, da duk uwar da kika taɓa shiga gidanta da ƙwaryar nono. Allah Ya jiƙanki, Gogo Turai. Allah Ya yafe miki kurakuranki, har da na bakin nan naki. Ya yalwata kabarinki, Ya sanya haske a cikinsa, Ya sa kowace aya da kika ja wa yaron nan a bakin garke ta zame miki inuwa ranar da babu inuwa sai taSa. Allah Ya sa Aljanna Firdausi ce makomarki, Ya kyautata namu ƙarshen in ta zo. Amin.

Ta'aziyya ta ƙarshe ga Misbahu ce, shi da ya fi kowa rashi. Ba zai iya karanta wannan ba. Ranar Juma'a bayan tatsar yamma zan zauna kusa da shi in karanta masa da bakina, tun daga farko, har da wurin dukan, sannan in roƙe shi gafara. In ya manta, in sake karantawa.